Wanda Ya Ƙona Ferrari Ya San Inda Toka Ke Kuɗi

 A makon nan za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa da ta neman gurbin jami'a, mu ba ku labarin wata gardama da ta hana mu barci a ɗakin kwananmu na makaranta har kusan ƙarfe biyu na dare. Abin dariyar shi ne, mu shida da ke ɗakin babu mai ko keke, amma a kan Ferrari muka kusa bai wa hammata iska.

Wani abokinmu mai karatun injiniya ne ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa, ya ce mu zo mu ga ɗanyen aiki. Bidiyo ne na wani matashi Ba'amurke, Cody Detwiler, wanda aka fi sani da WhistlinDiesel a YouTube. Ya sayi jar Ferrari F8 Tributo a kan kimanin dala 400,000, wanda ke son aikin gida ya juya mana wannan zuwa naira a canjin yau, kuma tun da ya saye ta bai ɓoye wa kowa cewa don ya lalata ta ya saya ba. A watan Agustan 2023 ya shiga da ita wata busasshiyar gonar masara a jihar Texas, yana tsula gudu yana juyi da ita, ƙura na tashi. Ganye da karan masara suka cushe a wajen tayoyi, inda birki ya riga ya ɗau zafi, sai wuta ta tashi. Kafin a yi wani abu motar ta ƙone ƙurmus, ta kuma tafi da wata ƙaramar bas ta haya da suka je da ita. Shi dai ya ce gobarar tsautsayi ce, ba shirya ta ya yi ba.

"Wallahi wannan ba shi da imani," in ji injiniyan namu. Na kusa da ƙofa, mai karatun lauya, ko ɗaga kai bai yi daga littafinsa ba, ya ce, "Malam, da kuɗinka ya saya? Motarsa ce, ya ga dama ya ƙona. Kai da ko tayarta ba ka taɓa shafawa ba, mene ne naka na zafin rai?" Daga nan ɗaki ya rabu biyu, har na maƙwabta suka fara buga mana bango.

Tambayar lauyan namu ba ta banza ba ce, kuma ba a ɗakinmu aka fara yin ta ba. Duk lokacin da wani mai kuɗi ya wulaƙanta irin waɗannan motoci, masoya mota a faɗin duniya sukan yi masa ca, tun daga yaro mai manna hoton Lamborghini a bangon ɗaki har zuwa kanikawa da 'yan jaridar da ke rubutu a kan motoci, sai kuma wasu su fito su ce ina ruwanku. A shari'ance mai abu ke da iko da abinsa, babu ja. To amma da muka ɗauki kwanaki muna bin labaran ɗaya bayan ɗaya, sai muka lura ba da mudu ɗaya masoya mota ke auna fushinsu ba. Akwai wanda ya ragargaza motarsa har sau biyu amma suna girmama shi, akwai kuma wanda ko ƙwarzane bai yi wa tasa ba amma suna jin haushinsa.

Mu fara da abin da ke cikin motar. Galibin motocin da muke hawa na'urori ne ke harhaɗa su, ɗaruruwa a rana guda. Waɗannan kuwa hannun mutum ya fi yawa a aikinsu. A masana'antar Mercedes-AMG da ke garin Affalterbach a Jamus, mutum ɗaya ne ke haɗa injin V8 tun daga farko har ƙarshe, in ya gama sai a manna wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da sa hannunsa a kan injin. Irin wannan injin ne a cikin Mercedes-AMG GT 63 S da wani matashi ɗan Rasha, Mikhail Litvin, ya kai fili a watan Oktoban 2020, ya kwarara mata fetur ya cinna mata wuta a gaban kyamara, yana cewa ta ishe shi da lalacewa kuma an kasa gyara masa. Injiniyanmu ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ɗan ƙarfen nan. Akwai wani bawan Allah a Jamus da ya yi shekaru yana koyon sana'a, ya sa sunansa a kan aikinsa, wani kuma ya zo ya ƙona sunan don a kalle shi. Duk wanda ya taɓa kwana yana zana taswira don darasin labarin ƙasa, gari ya waye wani ya yage ta yana dariya, ya san yadda abin yake.

Sai kuma maganar ƙaranci. Ferrari Enzo, wadda aka raɗa wa sunan wanda ya kafa kamfanin, guda 400 kacal aka ƙera, kuma an rufe ƙofa, ba za a ƙara ba. Shi ya sa masoyanta ke lissafin su kamar yadda makiyayi ke ƙirga garkensa da yamma. A Fabrairun 2006 wata da ke hannun wani ɗan kasuwa ɗan Suwidin ta daki turken wutar lantarki cikin mugun gudu a Malibu ta jihar Kaliforniya, ta rabe gida biyu. A shekarar da ta biyo baya ɗan wasan barkwanci Eddie Griffin ya dunguri shingen kankare da wata a filin tsere, yana atisayen tallata wani fim. Kowane lokaci sai ka ji ana cewa saura kaza. Ta Malibu ɗin ma ba a bar ta ta tafi haka ba, an tattara ta aka mayar Italiya aka sake gina ta, a 2016 aka yi gwanjonta a Paris a kan fiye da yuro miliyan ɗaya da rabi. Mai rasit yana ganin motarsa ce shi kaɗai. Masoya kuwa suna ganin riƙo aka ba shi, tunda motar za ta iya fin shi tsawon rai.

Duk da haka ba kowace guduma ce ke jawo zagi daga kowa ba. A ranar 15 ga Maris na 2011, wadda ita ce ranar kare haƙƙin masu saye ta duniya, wani attajiri a birnin Qingdao na ƙasar Sin ya ɗauko ma'aikata da manyan gudumomi suka farfasa Lamborghini Gallardo ɗinsa a bainar jama'a. Ƙorafinsa shi ne motar ta ƙi tashi, ya kai gyara ba a yi masa yadda ya kamata ba, ya yi ta kai kuka ba a saurare shi ba. Shekara biyu bayan haka, a birnin dai, wani ya yi wa Maserati ɗinsa irin wannan a ƙofar wajen baje kolin motoci. A nan kan masoya mota ya rabu. Wasu na ganin duk wanda aka taɓa yi wa yawo da hankali a wajen gyara ya san zafin da ke kai mutum ga haka. Wasu na ganin in ma akwai laifi to na mutane ne, me ya kai motar ciki? Da kotu ya je, ko ya sayar, ko ya ba wata makarantar koyon kanikanci ɗalibai su kwance injin su ga cikinsa. Mu dai muna tare da na biyun, don an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wanda ba a samu saɓani a kansa ba shi ne mutumin Bugatti. A watan Nuwamban 2009 wani dillalin motoci a Texas mai suna Andy House yana tafe a Bugatti Veyron, motar da ke iya wuce kilomita 400 a awa, sai ga ta ta saki hanya ta faɗa cikin wani tafkin ruwan gishiri kusa da garin La Marque. Ya ce wani babban tsuntsun ruwa, irin wanda ake kira kwasakwasa, ne ya gifta masa. Rashin sa'arsa, wasu da ke tafiya a wata mota a gefe, irin masu ganin mota mai kyau su zaro waya, suna ɗaukar ta a bidiyo a daidai lokacin, kuma babu tsuntsu a bidiyon. Ya sayi motar a kan dala miliyan 1, ya yi mata inshorar dala miliyan 2.2. Abin da ya fi ƙona ran masu sanin injin shi ne bai kashe motar ba bayan ta shiga ruwa, ya bar injin yana aiki yana zuƙar ruwan gishiri. Ku 'yan ajin kimiyya kun san iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ya cika silinda, fistin ya taso ya tarar da shi, ƙarfen da ke tura fistin ɗin ne zai lanƙwashe ko ya karye, gishiri kuma ya cinye sauran a hankali. A 2014 mutumin ya amsa laifin damfara, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ashe ƙaunar 'yan kallo ga motar ce ta tona masa asiri.

Akwai kuma masu cutar da mota alhali su a ganinsu burgewa suke yi. Za ka ga mutum ya tada Lamborghini da ta kwana a sanyi, nan take ya danne totur a tsaye don jama'a su ji ƙara. Baƙin mai in ya yi sanyi yana da kauri, yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya zaga ko'ina, saboda haka a 'yan mintunan farko ƙarfe ne ke gugar ƙarfe babu isasshen mai a tsakani. In kuma injin ya ɗau zafi aka ci gaba da ba shi wuta a tsaye, wata matsalar ce daban. An ƙera motar ne don iskar gudu ta riƙa ratsa lagireto tana sanyaya ta, ga shi injin a bayan direba yake a matse, salansa na tofar da harshen wuta. An sha ɗaukar bidiyon irin waɗannan motoci sun kama da wuta a tsakiyar titi ta wannan hanya. A unguwar Knightsbridge ta Landan, inda 'ya'yan attajirai, da yawansu daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ke kai motocinsu lokacin zafi, abin ya dami mazauna har hukumar yankin ta kafa doka a 2015 da ta hana wannan ƙarar, da tarar da ka iya kaiwa fam 1,000.

Amma in ka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar wane wulaƙanci ya fi ci musu rai, da yawa Brunei za su ambata maka kafin su ambaci gobara. Ƙaramar ƙasa ce mai arzikin mai a tsibirin Borneo. A shekarun 1990 gidan sarautarta, musamman Yarima Jefri ƙanen Sarki Hassanal Bolkiah, ya tara motocin alfarma dubbai, Ferrari da Bentley da Rolls-Royce da Porsche, wasu ma musamman aka ƙera musu, babu irinsu a duniya. Da harkar kuɗi ta cuɗe a ƙarshen shekarun, aka rufe da yawa a manyan gareji aka daina kula da su, ƙasar kuwa ruwan sama da laima ne kusan duk shekara. Dillalan da suka samu shiga daga baya sun ba da labarin kujerun fata sun yi funfuna, roba ta narke, tayoyi sun sace. Mota ba zinare ba ce da za ka binne ka tono shi yadda yake. In ta daɗe a tsaye batir ya mutu, fetur ya lalace ya toshe hanyoyinsa, robobin da ke tare mai su bushe su tsage, man birki ya sha laima, taya ta kwanta ta gefen da ke ƙasa, ɓeraye kuma su yi gida su ci wayoyi. Haka hoton wata Enzo da ƙura ta lulluɓe a wajen ajiyar motoci na 'yan sandan Dubai ya karaɗe duniya a 2012. Babu guduma, babu ashana, mantawa da su kawai aka yi.

To yanzu ga mai haɗari biyun da muka ce ana girmamawa. Kun san shi sarai, Mr Bean ne. Sunansa na gaskiya Rowan Atkinson, kuma kada 'yar motar nan tasa ta cikin fim ta ruɗe ku, mutumin injiniyan lantarki ya karanta, har digiri na biyu ya yi a Jami'ar Oxford. A 1997 ya sayi McLaren F1, motar da guda 106 kawai aka yi, mai kujeru uku direba a tsakiya, wadda aka shimfiɗa wa siririn zinare a ɗakin injinta don ya kare zafi. Maimakon ya kulle ta a gareji ya riƙa leƙawa, sai ya mayar da ita motar hawa, har cefane da kai yara makaranta. A 1999 ya daki bayan wata ƙaramar mota da ita. A Agustan 2011 ta ƙwace masa a kan titi ta daki bishiya, shi ma ya ji rauni a kafaɗa. Gyaran ya ci fam 910,000, ya kuma ɗauki fiye da shekara. Ana gamawa ya koma ya ci gaba da hawan abarsa. Lokacin da ya sayar da ita a 2015 ta yi tafiyar kusan kilomita 66,000, kuma an ba da rahoton kuɗinta ya kai wajen fam miliyan 8. An yi masa tsiya kam, don Mr Bean a gindin bishiya abin tsiya ne, amma ba za ka ji an sa shi a layin su Litvin ba. Shi amfani ya yi da ita a kan abin da aka ƙera ta dominsa, da ta ji ciwo kuma ya yi jinyarta.

Ranar Asabar muka kwashi gardamar muka kai wa wani dattijon bakanike a cikin gari, wanda injiniyanmu ke zuwa wajensa neman tsofaffin ƙarafa don aikin gwaji. Muka ce, "Baba, ka raba mana gardama." Ya goge hannu da tsumma, ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da ido, ya kalli Ferrari na ci da wuta, bai ce uffan ba sai da bidiyon ya ƙare. Sannan ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan mota ido da ido ba, amma ya san irin masu ita, don kullum suna zuwa garejinsa da ƙananan motoci. "Ku duba nan, 'ya'yana," in ji shi, yana nuna wata tsohuwar Peugeot 504. "Wannan ta girme ku duka, ta je Legas ta dawo ba adadi, fentinta ya koɗe, amma mai ita bai taɓa wuce ranar juyen mai ba. Waccan kuwa shekararta uku a hannun mai ita, injin ya buga, don ya ga jar fitila ta kama a gabansa ya ce sai ya isa gida." Ya ce a garinsu in mutum ya yi sukuwa da doki har ya jiƙe da gumi, ya dawo ya wanke shi ya ba shi harawa da dusa, mahayi ake kiran sa. In kuwa ya ɗaure shi a turke ya bar shi da kaska da yunwa, ko ya yi ta zabga masa bulala a gaban 'yan mata don a ce ya iya, to ko da kuɗinsa ya saya, ba ya ƙara samun mai ara masa linzami. Lauyanmu ya ce, "Baba, ai doki rai gare shi, mota kuwa ƙarfe ce." Baba ya ce, "Gaskiyarka, yaro. Amma wanda ya ƙera ta rai gare shi."

Kada mu danne wa lauya haƙƙinsa, akwai inda ya fi mu gaskiya, don wani lokaci masoya mota kan wuce gona da iri. A 2014 wani makaɗi ɗan Kanada da ake kira Deadmau5 ya lulluɓe Ferrari 458 ɗinsa da hoton wata kyanwar katun mai jan bakan gizo, ya canza tambarin doki zuwa na kyanwa, ya raɗa mata Purrari. Lauyoyin kamfanin suka aika masa da takardar gargaɗi a kan taɓa tambarin, ya cire komai. Wasu sun ce ya ɓata mota, amma mu ba mu ga ɓarna a nan ba. Leda ce aka manna, ana ɓare ta fenti na nan lafiya. Rashin iya zaɓen launi ba laifi ba ne, in ba haka ba da rabin masu yi wa adaidaita sahu ado suna hannu.

Mu koma daren gardamar, don akwai abin da sai da dare ya raba muka gano shi. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Attajirin Qingdao asara ya yi don ya huce. Su Detwiler da Litvin kuwa sana'a suke yi. YouTube na biyan mai bidiyo wani kaso na kuɗin tallar da ake sakawa a ciki, gwargwadon yawan masu kallo, kuma manhajar da ke zaɓo wa mutane abin kallo ba ta bambance wanda ya kalla don daɗi da wanda ya kalla don haushi. Bidiyon ƙona Mercedes ɗin nan miliyoyin mutane ne suka kalle shi cikin 'yan kwanaki. A 2023 Litvin ya sake dawowa, ya sa aka sako wani ƙaton gwangwani mai nauyin kusan tan uku a kan farar Lamborghini Urus, gwangwanin kuwa tallar wani abin sha mai ƙara kuzari ne da ya fito da shi kasuwa. Wato fushin masoya mota shi ne hajar da ake sayarwa, da za su kau da kai da babu riba a ƙona ta. Muka lissafa, a daren nan kaɗai mu shida mun kalli bidiyon Ferrari sau huɗu, injiniyanmu kuma ya tura wa mutum goma sha ɗaya a WhatsApp, ya rubuta musu a ƙasa su zo su ga rashin imani. Da lauya ya nuna masa haka, sai ya kife wayar ya ja bargo.

Ɗaya laifin na masoya mota, har da mu a ciki, shi ne mukan manta da mutane. A duk surutun da muka yi a kan Ferrari ɗin gonar masara, babu wanda ya tambaya gonar wace ce, ko me zai faru da iska ta kaɗa wutar zuwa gidaje. Wannan kuwa ba sai mun je Amurka ba. Kun san wasan mota da ake yi a garuruwanmu ranar ɗaurin aure ko kai amarya ko bikin gama makaranta. Yaro ya ɗauko motar gida ko ta aro, ya ja birkin hannu ya juya ta a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, abokai sun zauna a kan tagogi, jama'a sun yi da'ira ana ihu. Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsayawa a da'irar nan, kuma a sahun gaba yara 'yan makaranta ne suka fi yawa. Washegari hirar da za a yi ita ce ta yadda ya kashe tayoyi da kuloci, da irin faɗan da zai sha a gida. Ba a cika lissafa cewa tsakanin bamba da gwiwar na sahun gaba taku uku ne ba, sai ranar da sitiyari ya ƙwace.

Kuma sakaci da mota ba shi da nisa da asarar rai. Masu kallon finafinan Fast & Furious sun san Paul Walker. Ranar 30 ga Nuwamban 2013 ya rasu tare da abokinsa Roger Rodas, wanda ke tuƙi, lokacin da Porsche Carrera GT da suke ciki ta daki turken fitila da bishiyoyi a Santa Clarita ta Kaliforniya, ta kama da wuta. Masu bincike sun ce gudu ne babban dalili, wajen kilomita 130 zuwa 150 a awa a titin da iyakarsa kusan 70 ce. Amma rahoton ya ambaci wani abu da masoya mota suka daɗe suna tattaunawa a kai, wato aƙalla biyu daga tayoyin motar sun haura shekara tara. Irin wannan mota ba a cika hawan ta ba, sai ka ga zanen taya bai cinye ba, a ido kamar sabuwa. Roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, ta bushe ta yi tauri, ta rage kama titi. Kamfanonin mota da dama na ba da shawarar a canza taya in ta kai shekara shida, masu ƙera taya kuma na cewa kada ta wuce goma ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Baba bakanike ne ya nuna mana yadda ake gane shekarun taya, mu ma ga shi mun ba ku. A gefen galibin tayoyi akwai wani layin rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu, sau da yawa a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an ƙera ta ke nan a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci lambar na gefen ciki, sai an leƙa. Ku duba ta motar gida, da ta bas ɗin makaranta, da ta motar hayar da za ta kai ku gida hutu, musamman da yake tayoyin gwanjo sun cika kasuwa. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa wa babba cikin ladabi.

Mu dai da muka baro garejin, bas ɗin da za ta mayar da mu makaranta na tsaye ana lodi, sai ga injiniya da lauya duk sun durƙusa a gindin tayar gaba suna share ƙura da hannun riga. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Malamai, lafiya? Kuɗi ne ya faɗi?" Lauya ya karanto lambar da ƙarfi, 4112. Muka kalli juna, muka ce wa kwandasta ya tafi abinsa, za mu jira ta baya.